Makahon da Aka Kulle a Saman Soro

Ranar da Mahrus ya hau da mahaifinsa saman soro, ina kan namu rufin ina jera ƙullun gurasa a rana don ya kumbura. Katangar da ta raba mu da su ba ta wuce ƙirjina ba, don haka komai a kan idona aka yi.

Mahrus ne a gaba, riƙe da hannun tsohon. Matarsa I'itimad tana biye da katifa a ka.

"Ina za mu, Mahrus?"

"Sama, Yaba. Iska ta fi kyau a can. Ƙasa akwai danshi, shi ke sa ka tari."

"Ni ba na tari."

"Za ka yi."

Ɗakin da suka kai shi, da can na ajiye albasa ne da ƙaiƙayi. Mahrus ya zaunar da shi a kan katifar, ya ajiye masa tulu da bokiti, ya sauka. Na ji ƙarar kwaɗo a ƙofar matakala.

Tsohon, Am Dardir, makaho ne, ciwon sukari ya cinye masa idanu. Amma a duk ƙauyukan da ke kudu da garin Mallawi, babu biki ko maulidin da ake jin ya cika in bai zauna da rababarsa ba, wannan ɗan goge na ƙoƙon kwakwa mai tsirkiya biyu. Abin da yake rerawa shi ne labarin mahayan zamanin da, labarin da in ya fara shi da farkon wata, sai watan ya mutu bai kai ƙarshe ba. Daga bakin ubansa ya karɓe shi, ubansa daga bakin kakansa, ba a taɓa sa shi a takarda ba. Mahrus kuwa shi ne ɗansa namiji tilo. Ya tafi karatu Asyut, ya dawo da dogon gemu da gajerar jallabiya da abokai waɗanda in sun shigo lungu kowa ke rage muryar rediyonsa. A shekarar ne suka tarwatsa bikin gidan wani mutumin garinmu mai suna Hindawi da sarƙoƙi, suka fasa gangunan makaɗa, ba wanda ya ce uffan.

Da na tabbata Mahrus ya fita, na matsa jikin katanga.

"Am Dardir."

"Wa nake ji kamar Ummu Sabri? Ashe maƙwabtaka muka ƙara." Ya lalubo bango ya fito, yana murmushi. "Sun ce iska aka kawo ni in sha. To ga ni ina sha. In kin ga I'itimad, ce mata ta hawo mini da rababata, sun manto ta a ƙasa."

Washegari na ga I'itimad a wurin famfo, na isar da saƙo. Ta waiga dama da hagu kafin ta yi magana.

"Wace rababa? Tun shekaranjiya ya sa ta a tanderu. Da ita na gasa gurasa."

"Kika kuma iya?"

"To ya zan yi, Ummu Sabri? Ni aka ce in hura wuta, na hura."

Tsohon ya yi ta tambaya har mako ya zagayo. Kullum Mahrus yana ce masa an adana. Ran da ya gaji da tambayar, sai ya faɗa masa gaskiya, a tsaye a bakin ƙofa, da tiren abinci a hannunsa.

"Na ƙone ta, Yaba. Gara ita ta ƙone a nan da kai ka ƙone a can."

Am Dardir bai taɓa tiren ba. Abincin ya wuni a inda aka ajiye shi, tantabaruna suka sauka suka cinye shinkafar.

Akwai Mu'allim Tadrus, kafinta, Kibɗawa ne su, wato Kiristocin ƙasarmu, kuma shi ya haɗa wannan rababar da hannunsa. Tun suna yara suke tare da Am Dardir. Kullum bayan la'asar yakan rufe shago ya zo su sha baƙin shayi a dakali, suna zagin juna. Da ya ga shiru, ya zo ya ƙwanƙwasa. Ina jin su daga taga.

"Barci yake," in ji Mahrus.

"Da la'asar? Dardir ko da dare ba ya barin mutane su yi barci."

"Ya Mu'allim, kada ka ƙara zuwa gidan nan."

"Ɗana, ran da aka haife ka ni na yi maka gadon jariri."

"An biya ka."

Tadrus ya daɗe a tsaye bayan an rufe ƙofar. Sannan ya juyo ya buga tamu. Mijina Abdul'al ya ce masa ya hau, amma ya yi sauri.

Da tsohon ya ji takunsa a kan rufinmu, ya miƙe.

"Wannan jan ƙafar na san ta. Kafintan da bai taɓa yin kujera mai ƙafa huɗu daidai ba."

"Kai kuma mawaƙin da jakuna ke amsa wa amshi. Me kake yi a nan kamar albasa?"

"An shanya ni ne."

Suka yi dariya, Tadrus ya miƙa masa kofin shayi ta saman katanga, ya kunna masa sigari. Da Am Dardir ya gaya masa abin da aka yi wa rababa, Tadrus ya ce yana da ƙoƙon kwakwa da izgar doki a shago, kafin Juma'a zai haɗa wata.

Bai haɗa ba. Wani ya hango su daga wani rufin. Da asuba aka tarar an watsa wa ƙofar shagon Tadrus kananzir, an bar ashana a kan dokin ƙofa, ba a kunna ba. Kafin rake ya isa yanka Tadrus ya kwashe iyalinsa zuwa wurin ɗansa a Alƙahira. Mahrus kuma ya zo da magini, aka ɗora bulo a kan katangarmu har ta wuce tsawon namiji. Daga ranar na daina ganin fuskar Am Dardir, sai murya.

Ba wai ba a sani ba. Kowa ya sani.

Abdul'al ya je wurin Umda, dagacinmu. Umda ya ba shi shayi, ya saurare shi har ƙarshe.

"Yana ba shi abinci?"

"Yana ba shi."

"Yana dukansa?"

"Ban ji ba."

"To me kake so in yi? Tsakanin ɗa da uba ne. Kuma ka san su waye abokan yaron nan. Ni ma ina da gonar rake, ina da 'ya'ya."

Shehu Abdulmaujud, tsohon limaminmu, shi ya yi ƙarfin halin tare Mahrus a ƙofar masallaci. Ya tuna masa matsayin da Allah Ya ba iyaye, ya ce ko tsaki ba a yarda ɗa ya yi musu ba, balle kwaɗo. Mahrus ya saurara da kansa a ƙasa kamar mai ladabi.

"Ya Shehu, wanda ya ga ubansa zai faɗa rijiya ya riƙe shi, ya saɓa masa ne? Shekara nawa yana tara maza da mata yana yi musu kiɗa da labarin ƙarya, kana zaune a gaba kana gyaɗa kai? Ni tuba nake nema masa kafin ya mutu. Ku kuma so kuke ya nishaɗantar da ku."

Juma'ar da ta biyo baya wani saurayi ne daga cikin abokan Mahrus ya hau mumbari, Shehu yana sahu na uku. Da matarsa ta sake tayar masa da maganar, sai ya ce, "Na faɗa. Na sauke nauyi."

'Yar Am Dardir, Inshirah, tana aure a ƙauyen da ke gaba da mu. Ta zo da ƙaramar salla, Mahrus ya buɗe mata, ya tsaya a kansu har ta gama gaisuwa. Na tare ta a lungu.

"Kin ga babanki?"

"Na gan shi. Har ya ɗan yi ƙiba."

"Kumburi ne, Inshirah. Ƙafafunsa ne suka kumbura don ba ya tafiya. Ki ɗauke shi ki kai gidanki."

"Ummu Sabri, gidan ba nawa ba ne. Mijina ya ce ba ya son abin da zai haɗa shi da Mahrus. Kuma ai Mahrus ba don mugunta yake yi ba, addini ne ya shige shi da yawa. Zai sassauta."

Ta ja mayafinta, ta bi motar da ke jiranta.

Da farko, in gari ya yi tsit da rana, nakan ji shi ta bayan bulo yana rerawa ƙasa-ƙasa, yana buga gwiwa da tafin hannu a madadin rababa. Nakan bar wanki in zauna. Muryar ta tsufa amma ba ta karye ba. Wata rana I'itimad ta hau shanya ta ji, da yamma Mahrus ya hawo.

"An ce ka koma."

"Da kaina nake magana, ɗana."

"Da Shaiɗan kake magana."

Ya hana shi shayi na mako guda. Sigari dama tuni ya yanke. Sannan ya kawo rakoda, ya kafa katako can sama kusa da rufin ɗakin inda hannun tsohon ba zai kai ba, ya ɗora ta. Kaset ɗaya ne, na wani mai wa'azi mai tsawa, kuma duk a kan makaɗa da mawaƙa yake, da narkakkiyar darma da za a zuba musu a kunne. In ya ƙare I'itimad ta hau ta juya shi. Daga hantsi har magariba. Ni da ke bayan katanga sai da na haddace shi, har inda mai wa'azin yake tsayawa ya yi kaki.

"Ba ki gajiya da hawa da sauka?" na tambaye ta.

"In ya dawo bai ji yana yi ba, ni zan sha faɗa. Kuma ai wa'azi ne, ba zagi ba."

Duk wanda ka yi wa maganar, abin da zai ce ke nan: bai taɓa ɗaga masa hannu ba. Gaskiya ne. Mahrus yakan wanke wa ubansa jallabiya, ya yanke masa farce, ya sumbaci hannunsa da safe. In zai fita kuma ya ja ƙofa ya datse kwaɗo.

Da sanyi ya shigo, wata rana kaset ya tsinke, aka samu shiru. Na ji yana ƙwanƙwasa bulo da wani abu.

"Ummu Sabri, kina nan?"

"Ina nan, Am Dardir."

"Kin sha jin labarin nan a bakina. Inda jarumin ya iso bakin rijiya da dokinsa ya ji rauni, ya tarar da 'yan mata suna ɗiban ruwa. Me ya ce musu?"

"Kai za ka tambaye ni?"

"Na neme shi tun jiya. Na zo bakin rijiyar sai in tsaya. Da na buɗe baki, sai maganar mutumin nan na kaset ta fito."

Na gaya masa abin da na iya tunawa, a hargitse, ba a waƙe ba. Ya ce, "Ba haka yake ba. Amma na gode."

Bayan wannan, tambayoyinsa suka canza. Ya daina tambayar me jarumi ya ce. Ya koma tambayata ko ina ganin darmar nan da gaske ce, ko ubansa ma yana cikinta yanzu, tunda shi ya koya masa. Na ce masa ubansa mutumin kirki ne, duk garin nan ya shaida. Ya ce, "Mahrus ya yi karatu. Ni ban yi ba."

Sau ɗaya ya gwada sauka. I'itimad ta manta ba ta datse kwaɗo ba, ya lalubo matakala, ya kai rabi ƙafarsa ta zame. Goshinsa ya fashe. Mahrus ya ɗauke shi a kafaɗa ya mayar, ya wanke ciwon da kansa, yana kuka.

"Ka gani, Yaba? Ka ga abin da nake gudu?"

Daga ranar aka ƙara kwaɗo na biyu, a ƙofar ɗakin kanta. Ko kan rufin ma tsohon ya daina fitowa, sai in Mahrus yana gida. Makullan biyu suna cikin aljihun jallabiyar Mahrus.

Muna tsakiyar zafi aka harbe wasu 'yan sanda a kan hanyar Mallawi. Kafin azahar motocin jami'an tsaro suka cika ƙauyenmu. Mahrus da abokansa suka faɗa cikin rake. Aka hana fita, aka hana hawa rufi, aka ce duk kan da aka hango a sama za a harba. Muka zauna a ɗaka da yara, muna jin harbi daga gonaki, hayaƙin raken da ake ƙonawa yana shigowa ta taga. Ni a zatona I'itimad tana gida. Ashe tun da motocin farko suka shigo, 'yan'uwanta suka zo suka janye ta ta bayan gari.

Da aka sassauta bayan 'yan kwanaki, abin da na fara lura da shi shi ne babu kaset. Na hau da gudu na buga bulo, na kira Am Dardir. Babu amsa. Na kira har muryata ta dushe, sannan na ji wani abu kamar ana jan tsumma a ƙasa.

Abdul'al da ɗanmu Sabri suka fasa katangar da guduma, suka ɓalle ƙofar ɗakin. Zafin da ya fito daga ciki kamar an buɗe tanderu. Yana kwance kusa da tulu, tulun a kife, babu ko ɗigo. Leɓunansa sun tsattsage, jikinsa duk ya ɓaci. Na jiƙa gefen mayafina na matsa masa a baki. Da ya iya magana, ya kama hannun Abdul'al.

"Wa ya buɗe?"

"Mu ne, Am Dardir. Za mu sauka da kai."

"Ku mayar da ƙofar. Kada ya dawo ya tarar da ita a buɗe."

A kan ƙyauren da suka ɓalle suka ɗauko shi zuwa gidanmu. I'itimad, da aka tambaye ta daga baya, ta ce makullin ba a hannunta yake ba, kuma ta ɗauka maƙwabta za su ji shi.

An ce an kashe Mahrus a cikin rake. Ba a kawo gawa ba. Mun gaya wa tsohon, ya gyaɗa kai, amma ko an taɓa ƙofa sai ya gyara zama ya ɓoye kofin shayinsa a bayan matashi. Mun ba shi ɗakin ƙasa mai ƙofa a kan lungu. Bai taɓa fita ba. Yakan zauna a kusurwa, fuskarsa a bango.

Da kaka wasu mutane suka zo daga Alƙahira, namiji da mace, da na'urar ɗaukar murya. Suka ce suna bin ƙauyuka ne suna ɗaukar tsofaffin da suka riƙe labarin mahaya, kuma ko'ina suka je sunan Dardir ake ba su, an ce shi kaɗai ya rage mai shi daga farko har ƙarshe. Umda da kansa ya rako su, da sabon rawani. Aka aika wa Inshirah ta zo. Lungunmu ya cika.

"Ga shi nan," in ji Umda. "Abin alfaharinmu. Ni tun ina yaro nake zama a gabansa."

Baƙon ya durƙusa ya gaishe shi da girmamawa, ya ciro rababa sabuwa daga jaka ya ɗora masa a cinya. Yatsun tsohon suka bi wuyanta, suka sami tsirkiya, suka tsaya. Sai ya janye hannuwansa ya ɓoye su a hammata, rababar ta gangara ƙasa.

"Mahrus ne ya aiko ku ku gwada ni?"

"A'a, Am Dardir, mu daga..."

"Ku gaya masa ban taɓa ba. Hannuna kawai ya kai. Ni ban san wani labari ba, wanda ya gaya muku ya yi mini ƙarya."

Suka lallashe shi har la'asar. Matar ta rera masa farkon labarin yadda ta ji a wani gari, ko zai kama. Ya toshe kunnuwansa da yatsu yana istigfari. Na'urar tana ta juyawa, abin da ta ɗauka ke nan.

"Tsufa ne," in ji Umda, yana raka su mota.

"Sukarin ne ya taɓa masa kai," in ji Inshirah.

Ba tsufa ba ne, ba kuma sukari ba. Ina bayan katanga aka yi shi, rana bayan rana, da kwaɗo biyu da kaset ɗaya, a tsakiyar gari mai masallatai uku. A shekarun nan an zuba sojoji a ƙofar kowane tsohon kabari da kowane gunkin dutse, don kada masu gemu su taɓa su, jaridu suna ta rubutu a kan kayan tarihi. Abin da ke cikin kan Am Dardir ya girmi kakannin kakanninmu, kuma ba a buƙaci harsashi ko ɗaya ba. Ɗansa ya rufe ƙofa, sauran kowa ya sami dalilinsa.

Ya rasu da sanyin shekarar, a ɗakinmu na ƙasa. Umda ya kafa babbar rumfar makoki, aka kawo mai karatu daga Mallawi. A ɓangaren mata Inshirah ta fi kowa kuka. Da mutane suka ragu ta matso kusa da ni.

"Ummu Sabri, ke kika fi kowa jin sa a can sama. Ya taɓa ambatona?"

"Kullum. In ya ji mota ta tsaya a bakin lungu, sai ya buga bulo ya ce in duba ko ke ce."

"Me kike ce masa?"

"In duba. In ce ba ke ba ce."